Kuntigin Ɗan Maraya Jos da 'Yancin Bakin Mawaƙi

Tun daga ranar 20 ga Yuni, 2015, da Allah Ya karɓi ran Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos, da wuya shekara ta zagayo ba a ji masu sharhi a gidajen rediyo da shafukan sada zumunta suna nanata magana guda ba, wato an yi rashin da ba za a iya mayarwa ba, kuma wai irin wannan baiwa ta ƙare a ƙasar Hausa. Na yarda da rabin farko na wannan magana, domin ba a samun irin Ɗan Maraya biyu a zamani ɗaya. Rabi na biyu kuwa ban yarda da shi ba ko kaɗan. Allah bai daina halittar masu murya da kaifin basira ba, kuma duk wanda ya saurari yaran da ke rera waƙa a makarantun Islamiyya ko a wuraren biki ya san haka. Abin da ya ɓace mana shi ne hanyar da mawaƙi zai bi ya ci abinci, ya tufatar da iyalinsa, ba tare da ya rataya wuyansa ga babban mutum guda ba. A ganina rayuwar Ɗan Maraya ita ce hujja mafi ƙarfi a kan cewa 'yancin bakin mawaƙi ya dogara ne ga inda tuwonsa ke fitowa, kuma wannan batu ne da ya shafi jama'a baki ɗaya, domin al'ummar da duk mawaƙanta suka zama na masu mulki ta rasa wata kafa babba ta jin gaskiyar halin da take ciki.

An haifi Ɗan Maraya, wanda sunansa na asali Adamu Wayya, a Bukuru, kusa da Jos, a shekarar 1946. Mahaifinsa mutumin ƙasar Sakkwato ne, makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru, kuma ya rasu ɗan nasa yana jariri, ba a jima ba mahaifiyar ma ta bi shi. Sarkin ne ya ɗauki yaron ya riƙe shi a gidansa. A bisa tsarin da ƙasar Hausa ta sani, hanyar wannan yaro a shimfiɗe take tun kafin ya yi wayo: kiɗan fada gado ne, ɗa yana karɓar kayan kiɗan ubansa kamar yadda yake karɓar ubangidan ubansa. Makaɗin fada yana da gida da gona da doki da rigunan salla, duk daga hannun sarki, shi kuma aikinsa shi ne ya kiyaye tarihin gidan sarauta, ya wasa ubangidansa, ya yi wa abokan hamayyarsa zambo da habaici. Babu mai raina wannan tsari sai wanda bai san abin da ya haifar ba, domin a cikinsa ne aka samu Ibrahim Narambaɗa a fadar Isa, da Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi, da Musa Ɗanƙwairo na Maradun, mutanen da har yau ɗaliban jami'a ke neman digiri a kan azancinsu. Sai dai makaɗin fada, komai gwanintarsa, idonsa yana kallon sama ne, wajen karaga. Talaka yana shigowa waƙarsa a matsayin jama'ar sarki, ba a matsayin mutum mai suna da sana'a da damuwar kansa ba.

Yaron da ya tashi a gidan sarki, ɗan makaɗin sarki, shi ne ya juya idonsa ƙasa. Don a gane dalili, sai an dubi garin da ya tashi a ciki. Bukuru da Jos ba tsoffin biranen ganuwa ba ne irin Kano ko Katsina ko Zariya, garuruwa ne da haƙar kuza ta raya. Kamfanonin Turawa sun fara haƙar ma'adinin a farkon ƙarni na 20, ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso yankin a 1914, babban layin da ya biyo ta Kafanchan kuma ya iso Jos a 1927. Daga nan mutane suka yi ta kwararowa neman kuɗin haraji da na aure: Hausawa daga Kano da Sakkwato da Katsina, Barebari, Yarabawa, Ibo, Tibi, ga kuma 'yan ƙasa Birom da Afizere da Anaguta waɗanda gonakinsu ne aka farfasa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942 Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai aka shiga kwaso mutane daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas, wanda ake kira diban gwamna, kuma da yawa daga cikinsu sanyin Filato da cututtuka suka kashe su. Shekara biyu kacal bayan an daina wannan ɗiba aka haifi Ɗan Maraya. Ya buɗe ido ne a cikin jama'ar bariki, leburori masu ɗaukar kwanon ƙasa a ka, da helumomi, da direbobi, da masu tuwo-tuwo, mutanen da suka baro garuruwansu da sarakunansu, kowa da harshensa amma Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da tasha. Waɗannan mutane suna karɓar albashi a ƙarshen mako, ko da kaɗan ne, kuma suna da ƙishin su ji an ambaci rayuwarsu. Kirarin kakannin wani sarki da ba nasu ba bai dame su ba.

Sai kuma zancen abin kiɗan. Tun yana yaro ya yi tafiya zuwa Maiduguri, a can ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa, ya haɗa nasa da hannunsa. Ya kamata mai karatu ya tsaya ya dubi wannan abu da kyau. Gwangwanin kifi ne mai ɗan tsawo, a rufe bakinsa da fatar akuya a ɗaure tamau, a soka siririyar sanda ta ratsa shi, a ɗaura tsirkiya guda ɗaya tak, a kan sandar kuma a maƙala ɗan ƙarfe mai ƙananan zobba da ke yin kacau-kacau duk lokacin da hannu ya motsa. Mai kaɗawa yana rungume shi a ƙirji, yatsun hagu suna danne tsirkiyar, hannun dama yana bugawa da sauri, ana maimaita zubi guda har ya zauna a kunne, in ya buɗe baki zai rera sai kiɗan ya karkata ya bi muryar, in ya yi shiru ya koma zubinsa na farko. Ba a bukatar izinin kowa kafin a mallaki wannan abu, ba a gadonsa, ba a naɗa wa mai shi rawani, kuma in ya fashe yau gobe za a haɗa wani da abin da ke cikin juji da ragowar fatar mahauta.

Mutane sukan ɗauki wannan a matsayin labarin ban sha'awa kawai, wai ga mutumin da ya zagaya ƙasashen duniya da gwangwani. Ni kuwa ina ganin nan ne asirin al'amarin yake. A dubi ƙungiyar babban makaɗi irin marigayi Mamman Shata: akwai masu kalangu, akwai 'yan amshi, akwai sanƙira, akwai direba da yaran ɗaukar kaya, kowannensu da iyali, kowannensu yana jiran rabonsa bayan an tashi daga wasa. Mai irin wannan runduna dole ne ya nemi inda manyan kuɗi suke, wato wajen sarakuna da attajirai da manyan ma'aikata, kuma Shata ya iya riƙe martabarsa a tsakaninsu ne saboda kwarjininsa ya kai inda su ne ke tsoron bakinsa. Ba kowa Allah ke ba wannan ba. Ɗan Maraya kuwa, a mafi yawan waƙoƙinsa, shi ne makaɗi, shi ne mawaƙi, shi ne ɗan amshin kansa. Abin da zai ishe shi a rana kaɗan ne, saboda haka sisin lebura da taron direba da kwabon mai talla suna iya riƙe shi. Wanda hannaye dubu ke ciyarwa da kaɗan-kaɗan, babu hannu ɗaya da zai iya rufe masa baki, domin in wannan ya janye, saura suna nan.

Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ce waƙar da ta fara fito da shi ta karen mota ce. Duk wanda ya taɓa bin babbar mota a tsohuwar hanya ya san wannan bawan Allah, wanda ko sunan sana'arsa na raini ne. Shi ne ke tashi da asuba ya duba ruwa da baƙin mai, shi ke loda buhuna ya ja igiya ya rufe tamfol, shi ke zama a saman kaya cikin ƙura da sanyi alhali direba na cikin gida. In mota ta zo hawan tudu ta fara ja da baya, shi ne zai diro da gudu da weji a hannu ya tokare taya, ransa a bakin komai, in taya ta yi faci a dokar daji shi zai shiga ƙarƙashi da jak, in an isa masauki direba ya tafi ya kwanta, shi ya kwana a kan kaya yana gadi. Duk wannan yana yi ne da fatan wata rana maigidansa zai miƙa masa sitiyari. Kafin Ɗan Maraya akwai kiɗan sana'a a ƙasar Hausa, manoma da maƙera da mahauta da 'yan dambe duk suna da makaɗansu, amma waɗannan sana'o'i ne na gado masu sarakunansu da kirarinsu. Yaron mota sabon mutum ne da zamani ya haifar, ba shi da sarki, ba shi da taken gidansu. Ɗaukar salon yabo, wanda aka saba yi wa masu rawani, a ɗora shi a kan wannan yaro mai tsumma da baƙin mai, babbar magana ce a kan wane ne ya cancanci a ambace shi a bainar jama'a.

Haka ya bi da sauran waƙoƙinsa. Ya yi wa lebura, ya yi a kan mai akwai da mai babu, ya yi a kan wuyar gane halin ɗan Adam. Amma inda na fi ganin amfanin 'yancinsa shi ne waƙoƙinsa na zaman aure. A zamanin da uba ke ɗaura wa 'yarsa aure ba tare da an tambaye ta ba kuma ba mai ganin aibin hakan, namiji ya tsaya a gaban maza ya rera waƙa yana sukar auren dole. Ya yi jawabi a kan sakin aure da abin da yake jawo wa miji da mata da 'ya'ya, yana roƙon ma'aurata su riƙa sasantawa. A waƙarsa ta gulma kuwa ya mayar da kansa ɗan wasan kwaikwayo: shi kaɗai yake sauya murya, yanzu shi ne magulmaciya mai shiga gida-gida, an jima shi ne matar gida, an jima kuma boka, kuntigi na tafiya a ƙarƙashi bai tsaya ba, har mai sauraro ya ga tsakar gidan da idonsa. Waɗannan batutuwa ba su da ubangida. Babu attajirin da zai ba da mota don a yi waƙar yarinyar da aka aurar ba da son ranta ba, watakila ma shi ne angon. Irin wannan waƙa ba ta fitowa sai daga bakin wanda matan cikin gida da samarin tasha ke saurare, kuma su ne kasuwarsa.

Na san abin da wani zai ce, kuma maganarsa tana da tushe. Zai ce ai Ɗan Maraya ma ya wasa masu kuɗi da masu mulki, ya halarci tarukan gwamnati, kuma a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi na ƙarfafa gwiwa, daga baya ya karɓi lambar girma ta ƙasa, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin girmamawa. To, ina 'yancin yake? Amsata ita ce, ban ce waliyyi ne da ya ƙaurace wa duniya ba. Mawaƙin Hausa ne, yabo yana cikin sana'arsa, kuma kyautar manya ta shiga aljihunsa kamar yadda ta shiga na sauran. Bambancin shi ne manyan sun same shi ne da sunansa a hannu, sunan da talakawa suka riga suka yi masa. Gwamnati ta neme shi ne domin jama'a na jin maganarsa, ba jama'a suka saurare shi domin gwamnati ta ɗaga shi ba. Ko waƙoƙin yaƙin ma, ya kamata a tuna cewa ƙananan sojojin da suka cika fagen daga 'ya'yan talakawa ne, da yawansu daga Filato da Binuwai da sauran lardunan Arewa, wato 'yan'uwan leburorin da ya saba yi wa waƙa. Mutum yana iya karɓar kyautar sarki bai zama bawan sarki ba, muddin yana da wata gonar da zai koma in an kore shi daga fada.

Wannan gona ita ce muka bari ta mutu. A zamanin Ɗan Maraya akwai matakala da yaro mai basira zai taka. Zai fara a tasha da kasuwa da dandali, ya wuce gidajen biki da kulob-kulob na ma'aikata, daga nan wani ma'aikacin rediyo ya ji labarinsa ya ɗauki muryarsa. Gidan rediyon Kaduna, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe a 1962, yana watsa shirye-shiryensa a gajeren zango, saboda haka waƙar da aka ɗauka yau za a ji ta a Maraɗi da Damagaram da zangon Kumasi da Garwa har zuwa Sudan. Bayan rediyo sai faifan garmaho, bayansa kaset. Ba na cewa kamfanonin faifai sun yi wa makaɗanmu adalci, domin da yawansu kuɗi kaɗan aka ba su sau ɗaya aka sallame su. Amma sunan da rediyo ya yi wa mutum yana komawa ya zama gayyata, gayyata ta zama liƙi, kuma ta wannan hanya Haruna Uji da gurminsa, da Garba Supa da kukumarsa, da Barmani Choge da ƙwaryarta, kowa ya samu jama'arsa ba tare da ya zama makaɗin gidan wani ba.

A yau kowace taka ta wannan matakala ta karye. Satar fasaha ta cinye kasuwar kaset da faifan CD, sannan masu tura waƙa a memori suka ƙarasa ta, inda za a cika wa mutum waya da aikin rayuwar mawaƙi sukutum a kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, kuma ko kwabo ba ya isa ga mai waƙar. A gidajen biki an maye gurbin makaɗi da mai sa waƙa a lasifika. Bayan shekarar 2000 wasu jihohi da ƙananan hukumomi sun taƙaita kiɗe-kiɗe a wuraren taro. Ba zan shiga muhawarar malamai a kan hukuncin kiɗa ba, domin ba fagena ba ne, amma ido ya ga cewa takunkumin ya fi sauka a kan mai kalangu da mai kukuma na ƙauye, alhali waƙar siyasa da aka buga da fiyano a situdiyo tana tashi a kan titi ba mai ce mata kanzil. Ga kuma rashin tsaro. Isa da Maradun da Faru da Musawa, garuruwan da suka ba mu manyan makaɗa, suna cikin yankunan da 'yan bindiga suka addaba, inda taron dare ya zama kasada. Jos ɗin kanta, tun rikicin Satumban 2001, ta rabu unguwa-unguwa bisa addini, kuma irin taron da Musulmi da Kirista za su zauna wuri ɗaya su saurari mai kuntigi ya yi ƙaranci, duk da cewa Ɗan Maraya ya zauna a garin har ƙarshen ransa, kowane ɓangare yana ɗaukarsa nasa.

Ƙofa ɗaya ce ta rage a buɗe wadda kuɗin kirki ke bayanta, ita ce ta 'yan siyasa. Tun dawowar mulkin farar hula a 1999, mawaƙin da ke son ya hau mota ya gina gida ya san inda zai dosa. Ana ba da motoci da kujerun Hajji da muƙaman mataimaka na musamman, kuma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wasu suna cewa ai wannan ci gaban kiɗan fada ne, sarki ne kawai ya koma gwamna. Ban yarda ba. Dangantakar makaɗin fada da gidan sarauta ta kaka da kakanni ce, tana da ƙa'idoji, kuma makaɗin yana da damar tuna wa sarki halin iyayensa na adalci da kyauta, wanda wani nau'i ne na gargaɗi a cikin yabo. Dangantakar mawaƙi da ɗan takara kuwa ta kakar zaɓe ce, wanda aka wasa bana shi za a zaga baɗi in ciniki ya sauya, jama'a kuma suna kallo har sun daina ɗaukar maganar mawaƙi da nauyi. Wanda ya ƙi shiga wannan layi ya ce zai soki masu mulki, shi ma ya ga abin da ya faru a Kano a 2019, inda kotu ta ɗaure wani mawaƙi a kan waƙar da aka ce ta ɓata sunan gwamna. Ba na zargin matasan da suka bi wannan hanya, domin yunwa ba ta jin wa'azi. Ina zargin mu masu sauraro, da muke neman mawaƙi ya faɗi gaskiya a kyauta, sa'annan mu yi mamaki in ya tafi wajen mai biya.

Akwai masu ganin intanet ta warware matsalar, tunda yaro yana iya ɗaukar waƙa da wayarsa ya ɗora a YouTube ko TikTok duniya ta gani. Gaskiya ne cewa ta fuskar arha wayar hannu ta yi kusa da kuntigi, kuma na ji matasa masu waƙoƙi a kan tsadar rayuwa da shaye-shaye da halin almajirai waɗanda ba su da ubangida. Sai dai kallo daban, abinci daban. Kuɗin da waɗannan kafofi ke biya daga talla yake fitowa, kuma farashin talla ya danganta da ƙasar da mai kallo yake, saboda haka wanda masu sauraronsa ke Gusau da Azare da Zinder ba zai samu abin da takwaransa mai masu kallo a Amurka ko Ingila ke samu ba, ko da yawan kallonsu ɗaya ne. A ƙarshe sunan da yaron ya yi a intanet yakan zama takardar neman aiki ce kawai a wajen ɗan siyasa.

Abin da nake kira a yi ba ya bukatar sabuwar ma'aikata ko kwamiti. Doka tana nan: dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, wato waƙoƙin Ɗan Maraya suna da kariya har zuwa 2085. Gidajen rediyo da talabijin na Arewa, na gwamnati da masu zaman kansu, waɗanda ke cika sa'o'insu da muryoyin waɗannan bayin Allah suna kuma sayar da talla a tsakani, ya kamata kowannensu ya fito ya bayyana abin da yake biya da kuma wanda yake biya. Ƙungiyoyin da ke karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu hedkwatarsu na Legas, kuma makaɗin gurmi da ke Haɗeja ko magadan mai kotso da ke ƙauyen Zamfara ba za su san hanyar ba sai an kai musu, wanda aiki ne da lauyoyinmu da ƙungiyoyin marubuta da mawaƙa za su iya ɗauka. In haƙƙin matattu ya fara isa ga iyalansu, rayayyu za su ga cewa waƙa mai ɗorewa dukiya ce, ba sai ta kakar zaɓe ba.

Jami'o'inmu ma suna da bashi a wuyansu. Sassan Hausa na Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo sun yaye ɗalibai masu yawa da kundayen da aka rubuta a kan makaɗan baka, malamai sun zama farfesoshi a kansu, wannan kuma abin yabo ne domin da ba don su ba da abubuwa da yawa sun salwanta. Amma nazarin wanda ya mutu bai isa ba in mai rai yana yawo ba shi da dandamali. Jami'ar da ke da zauren taro tana iya ware dare ɗaya a wata ta gayyaci mai kuntigi ko mai garaya ko mai shantu, a sayar da tikiti a ƙofa a kan kuɗin da ɗalibi zai iya biya, a miƙa wa makaɗin abin da aka tara ba tare da an sa shi ya wasa shugaban jami'a ba. Gidan adana kayan tarihi na Jos, wanda ke nan tun 1952, ya fi ko'ina cancantar fara irin wannan, a garin da mutumin ya yi rayuwarsa.

Sauran aikin na mai aurar da 'ya ne da mai raɗin suna da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da 'yan kasuwa. Kuɗin da ake kashewa a kan ado da zauren biki na yini ɗaya ya isa a ɗauko makaɗi mai rai a biya shi da mutunci, a yi yarjejeniya da shi tun kafin ya zo, don kada ya tsaya yana bin manyan baƙi da roƙo. Raina makaɗi da muke yi, har ana ƙyamar ba shi aure, yana da alaƙa da wannan tsayuwa ta roƙo, kuma ba za ta gushe ba sai ranar da aka mayar da waƙa aiki mai lada sananne kamar na tela da magini. Ƙungiyar direbobi ta ƙasa tana da reshe a kowace babbar tasha, tana karɓar kuɗi a kan kowace motar da ta yi lodi, kuma 'ya'yanta ne mutanen da Ɗan Maraya ya fara ɗaukaka. Ba zai gagare ta ba ta ɗauki nauyin gasar waƙa sau ɗaya a shekara a tashoshin Jos da Kano da Gusau, da sharaɗi ɗaya: abin kiɗa ya zama na hannu, kuma kada a ambaci sunan kowane mai riƙe da muƙami ko mai neman sa.